Kafin a Huda Tsohon Jirgi

 A wannan fitowa za mu bar cikin gida da kayan gyaransa, mu gangara bakin ruwa, domin mu duba wani ɗan ƙaramin jirgi da ake kira kayak, da irin gyare-gyaren da masu shi suke yi masa da hannunsu idan ya kwana biyu. Jirgi ne na mutum guda, ba kasafai ake ganinsa a kogin Isa ko Tafkin Chadi ba, galibin masu kamun kifi da shi suna Amurka da Turai da Ostareliya. Amma yaranmu suna kallonsa a hotunan wayar hannu, wasu ƴan'uwanmu mazauna ƙetare kuma sun saye shi, kuma abin da ke kifar da shi shi ne ke kifar da kwalekwalen katako a ko'ina.

Asalin kayak na mutanen ƙasashen ƙanƙara ne na can ƙuryar arewacin duniya, wato Inuwit na Girinlan da Kanada da Alaska da maƙwabtansu. Suna haɗa firam da itacen da teku ya kawo gaɓa ko da ƙashin dabbobin ruwa, su lulluɓe shi da fatar dabbar teku da matansu suka ɗinke, su shafe da kitse don kada ruwa ya ratsa. Abin sha'awa a nan shi ne ba sa auna jirgin da komai sai da jikin mai shi. Tsawonsa kamar gaba uku na maharbin, faɗinsa kuwa faɗin ƙugunsa a ƙara dunƙulen hannu biyu. Wato dai tun asali, kayak jirgi ne da aka lissafa nauyin mai shi da inda zai zauna kafin a ɗaure itace na farko. Wannan batu za mu sake komowa kansa.

Kayak ɗin da ake kamun kifi da shi a yau na roba ne. A shekarar 1973 aka fara ƙera shi da robar da ake kira foliyetilin, irin wadda ake yin jarkar mai da tankin ruwa da ita. A wajen wannan lokaci kuma wani Ba'amurke mai suna Tim Niemier, a gaɓar tekun Kalifoniya, ya ƙera samfurin da mutum ke zama a bisansa maimakon ya zura ƙafafu a cikinsa, ya kafa kamfanin Ocean Kayak a 1988. Wannan samfuri shi masu kamun kifi suka runguma, domin cikinsa a rufe yake da iska kamar gora, samansa kuma a buɗe, ga ramuka da suka ratsa daga sama zuwa ƙasa waɗanda ke zubar da ruwan da ya fantsamo. A 1997 kamfanin Hobie ya fito da wanda ake tuƙawa da ƙafa. Daga nan sababbin samfura suka yi ta faɗi da nauyi da tsada, har wasu sun kusa mita guda a faɗi, nauyinsu ya haura kilo 50, da kujera kamar ta falo. Tsofaffin kuwa sirara ne, faɗinsu wajen santimita 70 zuwa 75, tsawonsu kimanin mita 4, nauyinsu bai wuce kilo 25 zuwa 30 ba. Mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi tsohon a hannun wani, sannan ya zauna a tsakar gidansa yana neman mayar da shi kamar sabon.

Abubuwan da aka fi ƙara masa sanannu ne. Ana yanka bututun roba irin na masu aikin famfo a yi mariƙin sandar fatsa. Ana ɗaure kwandon roba a baya don zuba kaya. Ana cire shimfiɗar zama a kafa kujera mai tsawo. Ana jan igiya a gefe don ɗaure anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi. Mai hali yakan ƙara na'urar gano kifi da batirinta, wani ma har da ɗan injin lantarki. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da muke ƙi. Abin da muke ja da shi shi ne jerin da ake bi. Mafi yawan mutane suna farawa da abin da ido zai gani, su bar jikin jirgin zuwa ƙarshe, wasu ma ba sa duba shi sam. A ganinmu aikin daga ƙasa ya kamata ya taso: jikin jirgi tukuna, sai abin da zai hana shi nutsewa, sai lissafin nauyi, kana a zo kan kayan jin daɗi.

Babbar abokiyar gabar wannan roba rana ce. Jirgin da ya shekara goma a kan rufin ɗaki ko a jingine a bango, launinsa yakan koɗe, fatarsa ta yi gari-gari kamar alli, ta rasa laushinta. A danna shi da tafin hannu da ƙarfi a wurare daban-daban. Roba mai rai takan lotsa ta dawo, wadda ta mutu kuwa takan yi ƙara, ta nuna ƙananan tsage kamar na busasshen tabki. Irin wannan jirgi babu gyaran da zai fisshe shi, duk kuɗin da aka zuba masa asara ne. Idan ya tsallake wannan, sai a kifa shi a duba ƙasan wutsiyarsa, inda ake jansa a kan yashi da tsakuwa, domin nan ne yake fara sirancewa. Sai a leƙa cikin ramukan zubar da ruwa da tocila. A nan ne rabin sama da rabin ƙasa suke haɗuwa, kuma a nan ne tsaga take ɓuya, musamman idan tsohon mai shi ya saba zura sandunan amalanke a cikinsu don jan jirgin. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗora jirgin a kan tayoyi biyu a busasshen wuri, a zuba masa bokiti biyu ko uku na ruwa a ciki, a karkata shi gaba da baya ana duba inda zai ɗiga. Kada a cika shi, nauyin ruwan zai iya lanƙwasa shi.

Idan an sami tsaga, a nan ne da yawa suke yin kuskuren farko, su ɗauko gam. Foliyetilin roba ce mai santsi kamar kakin zuma, gam na kasuwa ba ya kama ta. Zai yi kamar ya riƙe, kwana kaɗan ya ɓare, kuma ba zai zaɓi ɓarewa a tudu ba. Maganinta walda ce da roba irinta. Tana narkewa a zafin da ya kai wajen digiri 130, don haka bindigar iska mai zafi ko ƙarfen walda na masu gyaran rediyo ya isa. A nemi guntun roba mai alamar lamba 2 a cikin ɗan kusurwa uku, wadda ake samu a gindin jarka ko bokiti, a yanka ta sili-sili. A huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, a kankare bakinta, a dumama jikin jirgin da silin tare har su yi sheƙi, sannan a danna su haɗu. Haƙuri aikin yake so. Wanda ya matsa wuta zai ga roba ta yi baƙi tana hayaƙi, ta ƙone ke nan, ba za ta ƙara riƙewa ba. A wuri mai iska ake yin wannan aiki, nesa da yara. Akwai kuma wasu tsofaffin jirage da aka yi da wani nau'in foliyetilin da ba ya narkewa ya haɗu, sai dai ya yi laushi ya ƙone. Kafin a fara, a gwada a wani lungu na sama inda ruwa ba ya kaiwa.

Bayan jiki ya tabbata, sai a yi tunanin ranar da zai fashe duk da haka. Lissafin a nan mai sauƙi ne, ɗan makaranta ma ya san shi: lita guda ta iska da aka kulle tana ɗaukar kimanin kilo guda a kan ruwa. Ita robar jirgin da ƙyar take iyo da kanta, don nauyinta ya kusa daidai da na ruwa. Idan cikin ya cika, aka haɗa da batir da anga da ƙarafa, jirgin zai yi ƙasa ko ya tsaya a tsaye da hanci a sama, ba abin da mutum zai kama. Saboda haka gogaggun masu kayak suke cusa wa cikinsa abin da ba ya shan ruwa, kamar sandunan kumfar roba da yara ke koyon iyo da su, ko gorunan roba da aka murɗe murfinsu da kyau. A raba su gaba da baya, a ɗaure su don kada su taru wuri guda. Soson katifa ba ya cikin wannan lissafi, shan ruwa yake yi ya zama kaya. Wannan gyara shi ya fi kowanne arha, kuma shi aka fi mantawa, domin ba wanda zai gan shi ya yaba.

Sai batun huda. Kowane mariƙi da kowane zobe yana bukatar rami, kuma rami a jikin jirgi ƙofa ce da aka buɗe wa ruwa. Ƙa'ida ta farko, ba a huda ƙasa da inda ruwa ke kaiwa idan jirgin yana ɗauke da cikakken kaya. Ta biyu, ƙusa mai murɗawa da aka cusa cikin roba kawai ba ta da abin riƙo, kaurin robar ƴan milimita ne, babban kifi ɗaya zai fizge ta har da naman jirgin. Inda hannu zai iya kaiwa ta ciki, a sa noti da faffaɗan wasa, ko a yanka guntun katakon roba na yanka nama a sa shi a baya ya raba nauyin. Ƙarfen ya zama wanda ba ya tsatsa, musamman ga mai shiga ruwan gishiri. A sa zoben roba a ƙarƙashin kan ƙusar, domin man liƙi shi kaɗai ba ya kama wannan roba sosai, cike gurbi kawai yake yi. Akwai wata dabara da muke ganin ta fi duk waɗannan amfani: kafin a huda, a manna abin da salatif a inda ake so, a shiga ruwa a yi tuƙi na awa guda. Sau da yawa mutum zai tarar mariƙin da ya yi kyau a tsakar gida yana bugun gwiwar hannunsa a kowane jan filafili.

Yanzu mun zo kan kujera, inda muke son mu ɗan daɗe. Tsohon kayak an ƙera shi ne mutum ya zauna ƙasa-ƙasa, ɗuwawunsa kusan daidai da fuskar ruwa. Zama ne mai gajiyar da baya, wando kuma kullum a jiƙe, don haka ba mu ga laifin wanda ya nemi sauƙi ba. Sai dai mutumin da ke kan jirgin ya ninka jirgin nauyi sau biyu ko uku. Mai kilo 80 a kan jirgi mai kilo 27, shi ne mafi yawan nauyin, kuma duk inda aka kai shi can aka kai tsakiyar nauyin jirgin gaba ɗaya. Idan aka ɗaga shi da santimita 10 ko 15 a kan jirgi mai faɗin santimita 70, an taɓa ainihin lissafin da maƙerin ya yi, irin lissafin nan da maharbin Inuwit ya yi da gabansa da ƙugunsa. Sababbin jirage suna ɗaukar doguwar kujera ne domin an faɗaɗa su tun a masana'anta saboda ita. Haɗarin kuma ba ya bayyana a ruwa mai kwanciya. Mutum zai zauna ya ji daram, ya ce ai ba komai. Sai ranar da ya juya baya zai ɗauko abu a kwando, igiyar ruwa ta bugo daga gefe, ko kifi ya ja ta ƙarƙashin jirgi, a nan ne zai san abin da ya saya da santimita goman nan. Wanda ya nace sai ya ɗaga, ya fara da kaɗan, kamar kaurin tafin hannu, ya gwada a ruwa marar zurfi yana karkata da gangan har ya gano inda jirgin ke sallamawa. Ya kuma tabbata kujerar a ɗaure take, domin kujerar da ta zame gefe ta fi doguwa haɗari.

Wasu sukan rama wannan da fukafukai, wato su gicciya sanda a bayan kujera su ɗaure abin iyo a kowane ƙarshenta. Yana taimakawa a tabki. Amma yana rage gudu, yana kama iska da igiyar fatsa, kuma idan jirgin ya kife da su, mayar da shi daidai ya fi wuya. Haka nan kowane jirgi yana da iyakar nauyin da masana'anta ta rubuta masa, kuma gogaggu ba sa yarda su wuce kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na wannan adadi. A haɗa nauyin mutum da tufafinsa, da batir, da anga, da ruwan sha, da kifin da ake fatan kamawa. Alamar an wuce gona da iri ita ce ruwa ya riƙa ɓuɓɓugowa ta ramukan da aka yi don zubar da shi. Mai nauyi a ajiye shi ƙasa kuma kusa da tsakiya.

Igiyar anga ta gefe dabara ce mai kyau, kuma dalilinta ya cancanci a fahimta. Zobe ne a jikin igiyar da ke zagayawa daga goshin jirgi zuwa wutsiyarsa, mai tuƙi yana zaune ya ja zoben ya kai shi gaba ko baya. Jirgi siriri idan aka ɗaure shi daga tsakiyar gefensa a ruwa mai gudu, ruwan zai danne gefen ya kifar da shi cikin ƙiftawar ido. Dole igiyar ta fita ta hanci ko ta wutsiya. Tsawonta ya ninka zurfin ruwan aƙalla sau uku, a ɗaure ta da ƙullin da ake warwarewa da ja ɗaya, a sa mata abin iyo a ƙarshe don a dawo a ɗauka. A kogi mai ƙarfin gudu kuwa, shawararmu a bar angar a gida.

Duk wata igiya da aka ƙara, ta filafili da ta sandar fatsa da ta kwando, abar da za ta iya naɗe ƙafa ce idan jirgi ya kife. A rage su, a gajarta su, a kuma rataya wuƙa a ƙirji inda kowane hannu zai kai. Gwajin ƙarshe na duk gyaran shi ne wannan: a je inda ruwa ya kai wuya, tare da wani a kusa, a kifar da jirgin da gangan da duk kayansa, a mayar da shi, a hau. Idan mariƙi ko kujera ko na'ura ta tare inda ciki zai bi a hau, to a cire ta ko a sauya mata wuri, komai kuɗin da ta ci.

Hukumomin ƙasashen da ake wannan sana'a ba su bar abin ga ra'ayin kowa ba. A Faransa, dokar jiragen shaƙatawa da ake kira Division 240 ta ɗauki duk kayak da bai kai mita 3 da rabi ba a matsayin abin wasan bakin teku, ba ya wuce mita 300 daga gaɓa. Wanda ya fi haka tsawo, idan ya cika sharuɗɗan rashin nutsewa, yana iya kaiwa mil 2 na teku, wato wajen kilomita 3 da rabi da ɗoriya. A jihohi da yawa na Amurka, da zarar an ɗaura wa kayak inji, ko na lantarki ne, sai an yi masa rajista kamar sauran jirage. Rahotannin shekara-shekara na dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka kuma suna maimaita abu guda: cikin waɗanda suka nutse a haɗarin ƙananan jirage, fiye da kashi 80 cikin 100 ba sa sanye da rigar ceto. Rigar da aka cusa a kwandon baya tana cikin wannan lissafi.

Masuntanmu na Gaya da Ayoru da Yawuri da gaɓar Tafkin Chadi ba su san foliyetilin a jikin jirgi ba, amma sun san tsohon kwalekwale, kuma su ma suna yi masa ƙari. Ana ɗora katako a gefe don ya ɗauki kaya da yawa, ana toshe tsaga da tsumma da kwalta, ana buga faci da gwangwani, ana kafa katako a baya a rataya inji. Tambayoyin ba su sauya ba. Katakon da aka ƙara a sama yana gayyatar lodi mai tsawo a kan gindin da bai ƙara faɗi ba. Inji yana danne wutsiya, girgizarsa kuma tana sassauta ƙusoshin da aka buga a ruɓaɓɓen itace. An saba cewa jirgin katako ko ya cika ba ya nutsewa, kuma da gaskiya a ciki, amma wannan kafin a rataya masa ƙarfe mai nauyin buhu ne. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya dare a kogin Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi, waɗanda aka ceto da rai ba su fi ashirin da ƴan kai ba. Jirgin fasinja ne, ba na su ba, amma abubuwa biyu da aka ambata a kansa su ne tsufa da yawan lodi.

Abin da mai kwalekwale zai iya ara daga mai kayak ba ya bukatar oda daga waje. Jarka mai lita 20, wadda muke kira bido, idan babu komai a cikinta kuma murfinta ya kama, tana riƙe kusan kilo 19 a kan ruwa. Huɗu a ɗaure tamau a ƙarƙashin katakon zama, biyu gaba biyu baya, sun kusa ɗaukar nauyin babban mutum. A ɗaure su a jikin haƙarƙarin jirgin da igiyar nailan, domin wadda aka ajiye kawai ita za ta fara tafiya idan ruwa ya shigo. A duba murafensu duk farkon damina, a kuma canja duk wadda rana ta fara cinyewa. Bayan kowane ƙari, ko na katako ko na inji, a loda wa jirgin buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, a tura shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a bar shi ya yini, a dawo a ga yawan ruwan da ya sha da kuma yatsu nawa suka rage tsakanin bakinsa da kogi.